Kitson da Ba a Binne Ba

Shin da kaina na zauna da mutumin nan, ko kuwa zaunar da ni aka yi? Da tambayar nan nake kwana, da ita nake tashi, tun ina da ƙarfin surfa dawa har yau da sai an kama ni nake miƙewa. Shi da ya san amsa ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Gwaggo da ta rantse ta san amsa, ita ma ƙasa ta daɗe da rufe idonta. Saura ni da wani ɗan ƙullin fata da bai cika tafin hannun jariri ba. Ke mai rubutawa, ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mani magana. In kin ga ina share ido ki ci gaba da aikinki, hawayen tsohuwa ba ya tsayar da komai.

Abin da ya taso mani da zancen, kwanan baya aka kai ni Funtua wajen masu duba ido. A hanyar dawowa jikata ta ce mu tsaya shagon gyaran gashi ta karɓi saƙo. Aka ba ni kujera a bakin ƙofa. Sai ga wata budurwa da tsintsiya ta taro gashi tuli guda, baƙi da ja da wani kamar gemun masara, ta tura shi cikin kwata. Na ce, "'Yar nan, gashin wa kike zubarwa?" Ta ce, "Kaka, na kowa da kowa ne. Wani ma ba na kowa ba ne, na kanti ne." Suka yi ta dariya, ni ma na taya su. Amma ina kallon ruwan kwatar yana tafiya da shi, na ce a raina, da Gwaggo na nan da ta faɗi sumammiya.

Ni a gidan Maguzawa aka haife ni, a ƙasar Kafur. Gida ne babba shi kaɗai a tsakiyar gonaki, rumbuna sun fi ɗakuna yawa. Ba mu salla a lokacin, muna da namu abin da iyaye suka gada suke bi. Yarinya a gidanmu aske mata kai ake yi, a bar mata ɗan tukku a tsakiya, ta yi ta yawo da shi kamar 'yar tsako. Sai ƙirji ya fara tasowa sannan a ce a bar mata gashi, kuma duk wanda ya ga an bar wa yarinya gashi ya san gidan nan an kusa cin tuwon biki. Matan gidanmu ba su ɗora kaya a ka. Tulu ne, damin dawa ne, itace ne, a kafaɗa muke ɗauka, mu ɗan karkata wuya. Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ita ce makitsiyar gidan da ma gidajen da ke kewaye, takan ce, "Kafaɗa ta kaya ce, kai na ado ne. Wadda ta haɗa masu aiki ta cuci ɗaya."

Adon kuwa shi ne kitson doka. 'Yan yanzu ba su san ta ba sai a baki. Tun ana gobe za a yi, za ki tsefe tsohon kitso da kibiya, ki jiƙa karkashi har ya yi yauƙi, ki wanke kai da shi, ki zauna a rana ya bushe. Da safe bayan an sha koko sai ki shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya, ki ɗora kai a cinyar Gwaggo. Har yau in na rufe ido ina jin warin zanenta, hayaƙi da daddawa. Za ta naɗe tsumma ta yi shi dogo, ta kwantar a tsakiyar kai tun daga goshi har ƙeya, ta riƙa jawo gashi ta dama da hagu tana rufe shi tana kitsewa, har ya tashi kamar kunyar dawa da aka yi wa huɗa mai kyau. A gefen kunnuwa ta saki ƙananan kitso su sauko. Sannan ta kwaɓa shuni da man shanu ta shafe shi tas, ya riƙa ƙyalli kamar bayan hankaka. Wuni guda ake yi. Kina kwance kina jin lugude daga cikin gida, kurciya na kuka a sama, wani lokaci ki ji ƙas tsakanin faratanta, ta kama ƙwarƙwata. In kika motsa ta dungure ki da gindin kibiya. Kwanakin farko ba ki da barcin kirki, a gefen fuska kike kwanciya kamar mai ciwon haƙori. Kuma ba zan yi maki ƙarya ba, in ta kwana biyu a bazara man nan yakan juya, sai wanda ya saba yake iya zama kusa da ke. Amma duk mun saba, don haka babu mai jin na wani.

Sauran kwalliya ba ta da yawa. Kwalli a tandu, katambiri mu zana a kumatu ranar kasuwa, furen taba da goro mu rina haƙora su yi ja. Farin haƙori a lokacin na yara ne da marasa gata. Lalle kuwa a zunguru ake zura hannu a wuni da shi, ya kama har wuyan hannu, ba wannan zanen da ake yi yanzu kamar sawun kaza ba. Madubinmu ruwa ne a ƙwarya, ki jira ya kwanta ki leƙa. Ran da wani ɗan koli ya kawo ɗan ƙaramin madubi gidanmu, matan gida suka yi ta miƙa wa juna, kowace ta duba sai ta ce ba haka take ba.

Abu ɗaya ne Gwaggo ba ta wasa da shi. In ta gama kitso ba ta tashi sai ta bi tabarma da mataji da zanenta ta tsince duk silin gashin da ya zuba. Ta dunƙule shi, ta tofa mashi miyau, ta kai bayan ɗaki inda ruwan wanka ke kwanciya ta tona ta binne, ta take da dunduniya. Na taɓa tambayarta dalili. Ta ce, "Gashi ba ya mutuwa don ya bar kai. Inda yake, nan rabinki yake. Tsuntsu ya kai shi sheƙa, ki yi ta ciwon kai har ya ƙyanƙyashe. Maƙiyi ya samu, ya sa maki cuta." Na ce, "To ai ni ba ni da maƙiyi." Ta ce, "Wa ke tsoron maƙiyi? Shi in ya samu, ko ki warke ko ki mutu ki huta. Masoyi ne abin tsoro. In ya samu kin zama akuyar turke, kina ganin ƙofa a buɗe ba ki iya fita, kuma ki rantse ke ce ba ki son fita."

Shi mutumin, ba zan faɗi sunansa ba. Ban taɓa faɗa yana raye ba, ba zan fara yau ba. Malam nake ce mashi. Yana da jakuna, da kaka yana bin gidajen gona yana kwasar auduga zuwa kasuwar auduga, a shekarun da Turawa ke tattara nasu ya nasu. Ya zo gidanmu da farar riga da jar dara, kai a aske ƙwal yana ɗaukar rana. Ina fitowa da tulu a kafaɗa, kwana ɗaya da yin sabuwar doka, sai na ji an ce, "Mai doka, a taimaka wa baƙo da ruwa." Na ce, "Ruwan gidan da ba a salla?" Ya ce, "Ƙishirwa ba ta tambayar alƙibla." Ya sha, ya miƙo ƙoƙon, ya ce jakinsa ne ya hango tudu a kaina ya ƙi gaba. Audugarmu ba ta fi kaya ɗaya ba, amma sai da ya yi ta dawowa har aka share gona.

Babana bai hana ba. A shekarun nan ana ta bin ƙauyuka ana kiran mutane salla, gidaje da yawa sun karɓa, ya san iskar da ke kaɗawa. Na karɓi salla, aka ɗaura aure. Gwaggo ta yi mani dokar da ba ta taɓa yi wa kowa irinta ba, tana yi tana jan majina tana cewa mura ce. Aka kai ni garinsu, wajen Bakori.

A can na tarar da wata duniya. Matan gidan ƙananan kitso suke yi, su kwantar da shi, su ɗaura kallabi, su naɗa gammo su ɗora tulu. Ranar farko da na dawo daga rijiya da tulu a kafaɗa, yara suka biyo ni har gida. Uwar mijina, mace mai kirki amma bakinta ba linzami, ta ce, "'Yar nan, Allah ya ba ki kai don me?" Na sunkuya na ce, "Don doka, Inna." Ta yi dariya har da riƙe ciki. Da Malam ya ji sai ya ce a ƙyale ni, ruwan kafaɗa da na ka duk ɗaya ne a randa. Shi ma bai tsira ba. Shunin nan ba ya zama inda aka sa shi, ya ɓata matashi, ya ɓata tabarma, ya ɓata kafaɗar farar rigarsa. Ranar Juma'a ya je gindin cediya inda wanzami ke yi wa maza aski, sai abokansa suka ce, "Ango, karofi ka faɗa ne?" Na ce ya kawo in wanke da toka. Ya ce in bar shi, mai shuni ba ya ɓoyuwa. Gwaggo kuma takan biyo masu zuwa kasuwa ta zo ta sabunta mani kai, ta tsince gashinta ta binne, ta koma. Ko ruwan gidan ba ta cika sha ba.

Ana nan sai wata bazara ta zo da ciwon nan mai sandarar da wuya. Ya ɗauki mutane a garin, ya zo kaina. Abin da na sani kaɗan ne, sauran Inna ce ta ba ni labari. Aka kira wanzami ya ce sai an yi ƙaho a ƙeya an shafa magani a tsakar ka, kuma ba a yi da doka. Malam ya ce a tsefe. Wanzami ya ce ba ta da lokacin tsifa. Abin da nake tunawa shi ne sanyin aska, da ƙararta a cikin ƙashin kaina, da iska da ta taɓa mani fatar kai wadda rabonta da iska tun ina 'yar tsako. Inna ta ce dokar ta faɗo cikin ƙwarya ɗungurungum ko warwarewa ba ta yi ba. Wanzami ya miƙa wa Malam ya ce, "A binne da zurfi, kada kaza ta tone." Ya karɓa ya fita.

Allah ya sa da sauran shan ruwa. Ina fara zama da kaina sai ga Gwaggo, babana ya aiko ta. Ta cire mani kallabi ta dubi kan. Ta juya wajen Malam, ko gaisuwa babu, ta ce, "Ina gashin?"

Ya ce, "An binne, Gwaggo."

Ta ce, "Wa ya binne?"

Ya ce, "Ni."

Sannan ta ce mani in tashi mu tafi gida. Iskokin gidanmu ne suka yi fushi don na juya masu baya, in ban koma an yi abin da ake yi ba za su dawo su ƙarasa. Uwata na can ba ta ci ba ta sha. Malam ya ce shi ba zai hana ba, ga ta ga hanya. Na dubi Gwaggo, matar da na girma a cinyarta, na ji bakina ya ce, "Ba inda za ni." Ni kaina na yi mamakin saurin da maganar ta fito.

Gashin ya fito amma ba shi ba ne. Gajere, ba kauri, gaban goshi kuma ya ƙi. Ba abin da zai rufe tsumma. Na koyi naɗa gammo, na koyi ɗora tulu a ka, yara suka daina bina. Dokar ma kanta tana ta ja da baya a ko'ina. In Malam ya kai kaya Funtua yakan dawo da labarin matan ma'aikatan jirgin ƙasa da ke naɗe gashi da baƙin zare ya miƙe tsaye kamar ƙaya. Daga baya aka zo da matajin ƙarfe da ake sawa a wuta, gida ya cika da ƙauri kamar ana babbakar kan akuya. Samari suka fara gudun wanzami suna zuwa wajen mai almakashi, a bar masu suma a tsaga ta gefe. Shi dai Malam bai sauya ba, duk Juma'a ƙwal. Kuma bai daina ce mani Mai doka ba, ko da babu abin da ke ƙarƙashin kallabina sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Ranar sunan ɗana na fari Gwaggo ta zo. Da safe Malam ya yi wanka a gurguje don ana jiransa a ƙofar gida, ya manta da layarsa rataye a zanan bayi. Laya ce da ke damtsensa kullum tun bayan ciwona, ban taɓa tambaya ba, wane namiji ne ba shi da laya? Gwaggo ta shiga ta fito da ita a hannu. Ɗinkin ya ɗan buɗe ta gefe, ta taɓa wurin, yatsanta ya yi shuɗi. Ta ja ni cikin ɗaki ta saki asabari, ta sa farce ta jawo bakin abin da ke ciki. Ƙarshen kitso ne, irin ƙananan nan na gefen kunne.

Ta ce, "Hannuna ne wannan. Duk ƙasar nan ni kaɗai ke murɗa ƙarshen kitso ta hagu." Gwaggo bahaguwa ce.

Na ce, "Ai ya ce ya binne."

Ta ce, "Ya binne a damtsensa. Yanzu na gane. Na yi ta tunani, yarinyar da ko kasuwa za ta sai ta waiwayo gida, uwarta na kuka ta ce ba inda za ta? Ashe ba ke kika yi magana ba. Wa ya san abin da ya haɗa a ciki, ƙasar sawunki ce, yankin zanenki ne? Ba ni in binne. Ko ki binne da hannunki. In wata ya mutu ba ki ɗaure kayanki ba, ki ce ba ni ce ƙanwar ubanki ba."

A waje maroƙi yana ta faɗin sunan yaro, mata na guɗa. Na karɓi layar. Fatar ta yi laushi, ta yi baƙi da zufarsa. Na daɗe ina riƙe da ita. Sannan na tura bakin kitson ciki da yatsa, na fita na mayar da ita kan zana inda ya bar ta.

Gwaggo ta ce, "To. Kin yi kitso da ƙwarƙwata, ke za ki yi susa. Hannuna ba zai ƙara taɓa kanki ba." Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi, ba ta jira naman suna ba. Ta kuwa cika alkawari. Mukan haɗu wajen rasuwa mu gaisa kamar surukai. Har ta mutu ban ƙara ɗora kai a cinyarta ba, kuma wannan na daga cikin abin da nake yi wa kuka.

Washegari da hantsi na same shi a inuwar rumbu yana ɗinkin akumarin jaki. Na durƙusa na ce, "Malam, ka ce an binne."

Bai ɗago ba. Ya ce, "An binne. Saura wannan."

Na ce, "Wa ya ɗinka?"

Ya ce, "Baduku."

Na ce, "Wa ya tofa?"

Ya ja zare ya cije shi, ya ce, "Mai doka, kin taɓa ganin na tsare maki ƙofa?"

Na ce, "Akuyar turke ma ba a tsare mata ƙofa. Me ke ciki bayan gashi?"

Ya kwance layar ya ajiye a gabana, ya ɗora wuƙarsa a kai. Ya ce, "Farke ki gani." Na dubi wuƙar ban ɗauka ba. Can ya ce, "Ranar nan wanzami ya ja ni gefe ya ce in nemi farin ƙyallen likkafani. Na tona rami na juye ƙwaryar. Guda ɗaya ya maƙale mani a yatsa, hannuna ya ƙi saki." Ya koma ɗinkinsa. Iyakar bayanin da ya taɓa yi mani a kanta ke nan.

Magana ce mai daɗi. Amma wane mai asiri ne zai ce asiri ya yi? Kuma na sani daga bakin Inna cewa a kwanakin ciwona babu malamin da bai je wajensa ba, har wajen wani boka na mutanenmu ya je a ɓoye. Abin da ya roƙa a can, lafiyata kaɗai ce ko da ƙari, ban sani ba.

Kada ki ɗauka waliyyi na aura. Mutum ne mai tsawa, mai taurin kai, in ya ce a'a ko sarki ya zo. A garin nan babu matar da ba ta taɓa yaji ba sai ni. Sau ɗaya na gwada, ya yi mani faɗa a gaban mutane kan abin da ba laifina ba. Na ɗaure ƙunshina na saɓa yaro na kama hanya, har na kai kukar da ke bakin gari. Nan na kasa gaba. Na zauna a kan saiwa ina kallon hanyar Kafur a miƙe, babu mai riƙe da ni. Da rana ta karkata na ga kaina ina komawa. Na tarar da shi tsugune a murhu yana fama da wuta, hayaƙi ya cika mashi ido. Ya ce, "Miyar taki ta kusa kamawa." Ban sani ba ko layar ce ta jawo ni, ko kuwa tunanin da na yi a gindin kukar ne, cewa mutumin nan ko gishiri bai san inda nake ajiyewa ba. Abin dariya, da shekaru suka tafi bai ƙara aure ba, sai matan gari suka ce ni ce na mallake shi da asirin gidanmu.

Haka muka tsufa. Jakuna suka ƙare, motoci suka karɓe auduga. Cediyar wanzami aka sare ta aka yi shago mai injin aski. 'Ya'yana mata suka shafa man kanti mai miƙar da gashi, jikokina suka sayo na wasu suka ɗaura. Ban hana kowa ba, kowane zamani da irin kansa. Ni dai har yau in na taje ɗan abin da ya rage, sai na tsince na binne. Da na fita takaba aka kira makitsiya kamar yadda ake yi, ta yi ta lalube ta rasa abin kamawa, ta yi mani 'yan guntaye ta ce, "Kaka, sai haƙuri."

Layar tana ƙarƙashin matashina. Ban farke ba, ban binne ba. In na binne na wayi gari zuciyata ta yi wasai, to duk zaman da na yi na akuya ne, kuma kukan nan da nake yi ba nawa ba ne. In kuma na binne kewar ta zauna daram, to na san amsa, amma hannuna ya zama wofi, kuma babu shi babu Gwaggo da zan faɗa wa. Ranar da kuka kai ni makwancina, ku tona gefe ku sa ta. Lokacin amsar ba ta da wanda za ta yi wa amfani.

A ciwonsa na ajali ya kasa fita, ga Juma'a ta zo, ya ce shi ba zai je gaban Ubangiji da suma kamar ɗan tasha ba. Na jingina shi da bango a hantsi, na jiƙa kan da ruwan ɗumi, na aske shi da reza a hankali. Gashin fari fat, laushi kamar audugar rimi. Ina tsincewa a ƙoƙo yana kallona, ya ce in binne duka kada in yi halinsa. Na binne duka. Da na dawo na tarar yana ta fama da igiyar damtsensa, hannun ba ƙarfi, sai da na taya shi kwancewa. Ya sa mani layar a tafin hannu ya rufe da nasa. Bayan abin da ya faɗa a nan bai ƙara yi mani magana ba, sauran da Mahaliccinsa ya yi. Yana ɗan murmushin nan nasa na ranar da ya roƙi ruwa, ya ce:

"Ga ajiyarki, Mai doka. In na tafi ki binne. In kin ga kin manta da ni, to Gwaggo ta yi gaskiya."